Hannun Otilia da Hular Makiyayi

Shekara talatin da huɗu ke nan, ƙarfe bakwai na safe Doamna (wato Malama) Otilia Brânzei, ma'aikaciyar jinya a sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a birnin Iași, take ɗumama hannunta da ruwan zafi, sannan ta bi gado-gado tana shafa kawunan majinyata. Yawancinsu ruwa ne ke taruwa musu a ƙwaƙwalwa, an sa musu siririn bututu mai ɗan famfo a ƙarƙashin fatar kai yana janye shi. Likitoci suna duba hoto, ita kuwa sai ta taɓa.

Na ga ranar da Nea Ilarie, wani tsohon makiyayi, ya zo a duba masa famfon kansa. Hoto ya yi kyau, likita ya sallame shi. Otilia ta tare ƙofa.

"Nea Ilarie, cire hular."

"Haba 'yata, ko matata sai Ista take ganin sanƙona."

"To yau Ista ce. Cire."

Da ya ɗaga hular fatar tumakin nan, sai ga ganyen kabeji manne a bayan kunne, maganin da matarsa ta yi masa. Bakin hular ya goge fatar da ke kan famfon har ta fara tsagewa. Da ta buɗe gaba ɗaya, da ƙwayar cuta ta bi bututun ta shiga ƙwaƙwalwa.

Aka shirya a dasa masa ɓangaren ƙoƙon kai na roba, mai gurbin da famfon zai kwanta ciki ba tudu. Likita ya ce a raba shi da hula. Otilia ta ce, "Likita, sai dai ka raba shi da kan." Ta ɗora masa hular, ta zana inda bakinta yake tsayawa, aka yi dashen can sama da layin.

Ke ce mai ganin abin da na'ura ta tsallake, Otilia. Ran Juma'a za ki ajiye aiki, ba ko allo mai sunanki, mu dai abokan aikinki mun gode. Masu tasowa, ku riƙa taɓa kan mutum kafin ku sallame shi. Shekara tara ke nan da dashen, bana ma Nea Ilarie da ƙafarsa ya kai tumakinsa saman dutse.