Karyar Kawu da 'Yan Kwikwiyona

Akwai wani zama da na yi a Miri wanda ba na jin zai taɓa fita daga raina. Kawuna ne aka yi wa aikin ƙafa, likita ya hana shi takawa, ni kuma ina hutu, sai na taso daga Gwallameji na koma gidan gonarsa don in kula da tumaki. Na tafi da 'yan kwikwiyo biyu da wani abokin aikina ya ba ni, don na ga karyar da ke gadin garken ta tsufa.

Tun ranar farko hankalina ya ƙi kwanciya. Ba sa barin ta ta huta: wannan ya ja kunne, wancan ya haye wuya. Ita kuwa sai ta yi gurnani ta banke su, wani lokaci ta danne ɗaya da ƙafa yana ƙara. Ko loma na kai baki, da na ji ƙarar sai in ajiye in fita a guje. A rana ta uku na gaji, na zuba mata sanda biyu, na ɗaure ta a bayan rumbu. Har yau ina jin kunyar sandan nan.

Na ɗauka na huta. Ashe da suka rasa wadda za su ciza, kan 'yan tumaki suka koma. Bayan kwana biyu na tarar da wata 'yar tunkiya kunne a yage, jini ya ɓata mata wuya, uwarta na ta kuka. Na wanke mata da ruwan gishiri, sannan na yi ta kaiwa da komowa a ƙofar ɗakin Kawu, na kasa shiga.

"Kai, shigo, takunka ya dame ni," in ji shi. "Ina tsohuwar nan? Na daina jin muryarta."

Na faɗa masa komai, na ƙara da cewa, "Kawu, kashe su za ta yi."

"Ta taɓa fitar musu da jini?"

"A'a."

"In ta sake su, ɓuya suke yi ko dawowa?"

Na ce dawowa.

"To wasa ne, da horo a ciki. Je ka kwance ta. Ranar da ka ga ɗan ya matse bindi yana neman maɓoya, ita kuma tana bin sa, ranar za ka shiga tsakani. Shi ma da murya, ba da sanda ba."

Na kwance ta, ko kallona ba ta yi ba, ta nufi kwanon ruwa. Kafin ta gama sha, babban cikinsu ya yi tsalle ya gantsara mata cizo a kunne. Ta juyo ta cafke wuyansa ta kai shi ƙasa. Na riga na ɗaga ƙafa zan ruga, sai na ji Kawu ta taga ya ce, "Tsaya."

Na tsaya. Can ta sake shi. Ya miƙe ya kakkaɓe jiki, ko ƙwarzane babu. Sai ga shi ya dawo yana jan ciki, ya lashi bakinta. Ta kwanta ta ƙyale shi.

Daga ranar na kewaye 'yan tumakin da zana, kuma da rana ta take nakan kulle 'yan kwikwiyon su yi barci, ita ma ta samu sarari. Kafin hutuna ya ƙare, cizonsu ya yi laushi, ko an buɗe zanar ba sa kula tumaki.

Sai daga baya na gane ba 'yan kwikwiyon nake ceto ba, tsorona nake lallashi, kuma tsohuwar karyar da ba ta san hawa ba ce ta ɗanɗana kuɗarsa. Tun daga nan, in na ji hayaniya, nakan tsaya in duba wa ke gudu, wa ke dawowa, kafin in sa hannu.