Daren da Inna Ta Zauna a Bakin Ƙofa

Ni ba maharbi ba ne, kuma ban taɓa sha'awar harbi ba. Ɗinki na koya a Gwandu, a zauren kawuna, inda ake zama tun hantsi ana yi wa manyan riguna aiki da allura har ido ya fara kawo ruwa. Wana, wanda nake ce wa Yaya, shi ne maharbi. Shi ya gaji bakan mahaifinmu, ya gaji gonar rogon da ke bakin fadamar Kalgo, ya zauna can tare da Innarmu. Ni sai kaka ta yi nake leƙa su, in ci tuwon shinkafa, in yi musu tsiya, in koma. 'Yan shekaru ne kafin Turawa su tafi, lokacin da mota sai ka yi sa'a kake ganinta a hanyar Birnin Kebbi. Da jaki ko da ƙafa muke tafiyarmu.

Wanda bai yi noma a bakin fadama ba bai san gyado ba. Mutanen gabas suna ce masa gadu, wasu kuma mugun dawa, kuma wallahi sunan ya dace da shi. Aladen daji ne, mummuna, ga ƙuraje a fuska, ga haure biyu sun lanƙwaso sama. Yakan durƙusa a gwiwa ya yi ta tono, kafin gari ya waye ya mayar maka da kunyar rogo kamar an yi sabuwar huɗa. Ba ma cin sa, ba ma taɓa shi da hannu. In an kashe, igiya ake zarga wa ƙafarsa a ja shi nesa a bar wa ungulu. Saboda haka harbinsa ba nama ba fata, sai dai ka tsirar da abin da ka shuka.

Akwai wata itaciyar giyayya a gefen gonar. A bisanta Yaya ya ɗaura 'yan sanduna ya yi wurin zama, nan yake hawa in farin wata ya yi, da bakansa da kwarinsa da kibau masu dafi. Dafi ba ya kayar da gyado nan take. Sai ya ruga ya shige ciyawa ya kwanta da ciwonsa, duk abin da ya gitta ya taso masa, kuma ƙafa yake nema. Don haka maharban Kalgo suna da ƙa'ida wadda yaro ma ya sani: in ka harba da dare ba ka sauka sai rana ta fito, kuma kowa na gida ba ya biyo ka, ko me ya faru. Yaya yana da wani ƙahon bijimi da yake ratayawa a wuya. Da ya saki kibiya ta samu, sai ya busa sau ɗaya, doguwar busa, don a san akwai mai rauni a ciyawa kada kowa ya kusanto. Gidanmu shi ne na ƙarshe ta wajen fadama, muna jin busar sarai.

Na sha yi masa ba'a a kan wannan. In ce, “Yaya, mutane na kwana da matansu, kai kana kwana a bisa itace kana jiran alade.” Shi kuma ya yi dariyar nan tasa ta cikin hanci ya ce, “To mai allura, rogon da kake dannawa da ƙuli, allurarka ta tsare shi?” Ba shi da yawan magana, amma in ya jefo ɗaya sai ka yini kana neman amsa.

Innarmu Bafillatana ce, daga wata ruga kusa da Dalijan aka auro ta. Yaya ne ɗanta na fari, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanensu. Ba ta faɗar sunansa, ba ta kallon idonsa, in ya gaishe ta sai ta amsa wa bango. In ta dama fura takan ce mini, “Kai wa mai bakan can.” Amma ni da nake ɗauka na san wace ƙwarya ta fi nauyi, kuma ba tawa ba ce.

A shekarar da nake magana, matar Yaya ta tafi gidansu goyon ciki, daga ni sai shi sai Inna a gidan. Rogon ya yi kyau ƙwarai, wani tsohon gyado kuma ya matsa masa. Ranar da abin ya faru, bayan isha'i Yaya ya rataya kayansa, ya tsaya daga bakin ɗakin Inna ya ce, “Na tafi.” Ta ce wa tukunyar da take rufewa, “Allah shi tsare.” Ni ko tashi ban yi ba, ina kwance a tabarma na ce masa ya gaishe mini da surukansa na cikin ciyawa.

Ban daɗe da yin barci ba na ji ƙahon. Doguwar busa, kamar kullum. Na ce a raina ya same shi, na juya na gyara kwanciya.

Sai na sake ji. Gajera ce wannan karon, ta yanke a tsakiya. Can kuma wata. Na zabura na zauna. Tun da nake ban taɓa jin Yaya ya busa sau biyu a dare ɗaya ba. Na laluba na ɗauki gatari, na fito tsakar gida, sai na tarar Inna ta riga ni. Tana zaune a ƙasa a bakin ƙofar gida, ta miƙe ƙafafunta ta tare hanyar, ko ɗankwali babu a kanta.

Na ce, “Inna, kin ji?”

Ta ce, “Na ji.”

“Wani abu ya same shi. Matsa in wuce.”

“Ba ka fita.”

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce mata ai kira yake yi, ai ba ya yin haka. Ta ce ta sani. Da muryarta ta kullum ta faɗa, irin wadda take cewa in kawo mata itace. Na ruga jikin danga na ƙwala wa maƙwabcinmu kira, na roƙe shi ya je ya taso sarkin baka, tsohon da maharban garin ke bi. Mutumin ya tafi a guje, Allah ya jiƙansa. Ya dawo yana haki ya ce tsohon ya ji ƙahon shi ma, har ya tara mutanensa, amma wata na gab da faɗuwa, ciyawar kuma ta kai ƙirji. Ya ce ba zai kai 'ya'yan mutane bakin haure a cikin duhu ba. Da an ga tafin hannu za su fita.

Kai, a nan na haukace. Na zagi sarkin baka, na zagi maharban Kalgo kaf, na ce matsorata ne masu rataye da kwari don ado. Na koma kan Inna na ce ni zan tafi ni kaɗai, da wutar kara. Ta ce gyado ba ya tsoron wutar kara in yana da kibiya a jiki, ta ga abin da ya yi wa ƙanen mahaifinmu, wanda ya ƙare rayuwarsa yana jan gindi. Na ce to in haura danga. Sai ta ɗago ta dube ni, ta ce, “In ka tsallake ni, ko ka haura dangar nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba.”

Wanda bai tashi a gidajenmu ba zai ce ai magana ce kawai. Ni dai ban tsallake ta ba. Na tsaya da gatari a hannu ina kuka kamar yaron goye, ga gemu ya fara fito mini. Na ce mata, “Don ɗan fari ne, ko? Da ni ne a can da kin tashi gari.” Daga baya mutanen gari ma sun yi ta faɗin haka, wai kunya ce ta hana ta. Ƙarya suke yi. Ina kusa da ita, ina ganin yadda duk lokacin da ƙahon ya yi ƙara take damƙe ƙasa da hannu biyu, har farcenta ya karye.

Haka muka zauna. Busar tana zuwa, a jima, ta sake zuwa, tazarar tana ƙara tsawo. Wani lokaci iska kawai ake ji a cikin ƙahon, ba sauti. In ta yi shiru sai in ce shi ke nan, sai kuma ta dawo. Na yi addu'ar duk da na iya. Na roƙi Inna, na durƙusa na kama ƙafarta. Ta ɗora hannunta a kaina ta danne. Ban taɓa ƙin wani mahaluki kamar yadda na ƙi ta a daren nan ba, kuma ban taɓa tausayin kowa haka ba. Busa ta ƙarshe da na ji, zakaru sun riga sun fara cara.

Da ladan ya yi kiran asuba, muka ji takun maharba a waje. Inna ta janye ƙafafunta. Sai da ta dafa bango ta iya miƙewa.

Muka shiga fadama, sarkin baka a gaba, kowa ya ɗana kibiya, ana tafiya sannu ana bugun ciyawa da sanda. Ni ina ta cije leɓe, ji nake kamar in ture su in wuce. Muka tarar da Yaya a gindin giyayyar, ya jingina da ita, ƙahon a kan cinyarsa. An farke masa cinyar hagu daga gwiwa zuwa sama. Ya kwance tsirkiyar bakansa ya ɗaure wurin, amma hannun mutum ɗaya mai zubar da jini ba ya ɗaurin kirki. Na kama hannunsa na kira shi. Da ɗumi, wallahi, kamar wanda ya yi barci yanzu. Har sai da sarkin baka ya kara kunne a ƙirjinsa, ya ɗago ya yi salati.

Tsohon ya duba ƙasa ya karanta mana abin da ya faru. Maratayin kwarin ne ya tsinke, kwarin ya faɗo, kibau suka watse. Yaya ya sauko don ya tattara su, gyadon ya taso masa. Shi da ya fi kowa tsare ƙa'ida! Saboda kwari, jama'a, saboda 'yan kibau da maƙeri zai ƙera maka wasu ranar kasuwa. Har yau in na tuna sai in ji ina so in shaƙe shi, sannan in yi kuka.

Gyadon kuwa ba nisa, nan cikin ciyawa wani maharbi ya yi tuntuɓe da shi. Matacce. Ya sandare ƙam, ƙafafu a miƙe, cinnaku sun cika idonsa. Sarkin baka ya zungure shi da sanda, ya daɗe yana kallonsa. Ko ni mai allura na gane. Tun farkon dare dafin ya gama da shi, wataƙila yana saran Yaya ya faɗi. Duk tsawon daren nan da muke zaune muna sauraro, babu komai a hanyar nan sai raɓa.

Aka sari sanduna aka ɗauko shi. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Da muka dawo, sarkin baka ya tsaya daga bakin ɗakin Inna ya yi mata ta'aziyya. Sai ya ƙara da cewa, da ƙarfi don matan da ke ciki su ji, “Kin yi daidai da kika riƙe yaron nan. Da ransa muka tarar da gyadon, kwance a kan hanya, sai da muka ƙara masa kibiya. Da ya fito da gawa biyu muka ɗauko.” Ya juyo ya zare mini ido. Na sunkuyar da kai. Inna ta yi masa godiya daga ciki.

Da magariba, mata sun watse yin salla, ta aiko a kira ni. Na shiga na zauna nesa da ita, don har lokacin ban iya kallonta ba. Tana zaune a kan tabarma, hannunta a kan gwiwa, ƙasar daren jiya tana nan a ƙarƙashin farcenta.

Ta ce, “Ni matar maharbi ce tun ba a haife ka ba. Na san ƙaryar maharba ta ta'aziyya. Kai nake tambaya. Dabbar ta yi sanyi?”

Na so in bi bayan tsohon, amma bakina ya ƙi. Na ce, “Ta sandare, Inna.”

“Shi fa?”

“Da ɗumi.”

Ta gyaɗa kai a hankali. Na jira ta yi kuka, ko ta ce in yafe mata, ko ta ce ƙaddara ce kamar yadda kowa ya yini yana faɗa. Sai ta miƙo hannu ta kama wuyan hannuna, ta riƙe da ƙarfi har na ji zafi.

Ta ce, “Ko yau aka sake, ba ka fita.”

Sannan ta kifa fuskarta a tafin hannuna, kukan ya zo. Aka yi sallar magariba aka idar, ba ta sake ni ba.