Muryar da Na Share a Katin Inna

"Kai! Zare katin nan!" mai gyaran waya na gefen teburina ya daka mini tsawa. Lokacin waƙa ta uku ke shiga.

Tun da na bar lakwal, wato makaranta, na yi kabu-kabu, na sai da mai a kwalba, na ƙare a zuba wa mutane waƙoƙi a katin waya bakin kasuwar Maraɗi. Ƙa'idarmu, kati ya zo, a share shi tas, a cika. Haka na yi wa na wata tsohuwa daga Tsibiri, ko kai ban ɗaga ba. Sai ji na yi ta ce, "Ɗana, ka dai bar mini muryar maigidana." Ya rasu bara. Ƴarsu ce ta ɗauki muryarsa yana waƙar majami'a a gona, kuma babu ita ko'ina sai nan.

Na zare katin, na miƙe zumbur.

"Sarkin gaggawa, zauna," in ji mai gyara. "Ka san gonakin rani na Jiratawa? Mutum ya bar fegi, sunansa kawai ake cirewa, albasar na nan sai wani ya sa garma. Kati ma haka yake. Ka share, ya ce nan fili ne. Sabon abu ya zo, ya ba shi filin farko da zai ishe shi, in babu babba ya yayyanka shi ya cusa a ƙananan gurabe. Waƙoƙinka biyu sun riga sun yi noma, saura mu ga ina."

Ya sa katin a ordinatarsa, wato kwamfuta. Inna, tsohuwar, ba ta yi faɗa ba. Ta kwance bakin zane, ta miƙo mini ƙuli-ƙuli.

"Ci, ɗana."

Motar Tsibiri ta cika, Inna ta bar mini lambar ƴarta, ta tafi ba mu gama ba. Bayan la'asar muryar ta fito, farkonta ya cinye. Na saurara sau uku, sannan na tura wa ƴarta saƙo:

"Yaya, ki ce wa Inna an samu. Baitin farko ya tafi, laifina ne. Amma waƙar na nan, har inda ya yi tari ya ce a kawo masa ruwa. Na aje ta wuri uku. Gobe da safe zan kawo da kaina."