Amanar Karen Abzin

Babana majemi ne. Gidanmu na bayan ganuwar Birni, dab da majema, kuma baƙo hancinsa ke fara sanar da shi ya iso. Ina da shekara goma sha ɗaya ko sha biyu aka kawo mana karen, ƴan shekaru kafin Faransawa su miƙa mulki.

Wani mutumin Abzin ne ya kawo shi. Yakan zo da ayarin gishiri, ya sauka a Zango, ya sayi jar fata wurin Baba. Raƙumi ya taka karen a hanya, ƙafar baya ta karye, ba zai iya komawa arewa ba. Dogo ne siriri, launin rairayi, haƙarƙarinsa duk a waje. Mutumin ya kwantar da shi a zaure, ya ce amana ce sai ya dawo. Ya ce irin wannan kare bai san tuwo ba, da nono da ɗanyen nama ya tashi, in aka ɗura masa tuwo zai lalace. Baba ya ce to, kamar buhun dabino aka ba shi ajiya.

Inna ta jira baƙon ya tafi. Sannan ta ce, "Malam, yaranka sai Juma'a suke ganin nama, shi ma ba kowace Juma'a ba. Da me za ka ciyar da wannan?"

Baba ya tashi ya fita. Ya je wurin limamin unguwa, wanda ya ce masa karen farauta da na gadi ba laifi a riƙe su, a ware masa kaskonsa kawai, kada ya shiga ɗaki. Aka ɗaura masa karan dawa a ƙafar, aka yi masa rumfa bayan gida. Yayyena maza suna aiki a majema, ƙannena ƙanana ne, sai ciyarwar ta faɗo kaina.

Dabarar farko daga sana'ar Baba ta fito. In an kawo ɗanyar fata daga mayanka, akwai ragowar tsoka da kitse manne a cikinta, waɗanda ake kankarewa da wuƙa a zubar wa ungulu. Baba ya ce in riƙa zuwa da ƙwarya da safe in tara. Ranar da fata ta yi yawa, ƙwaryar kan kusan cika. Wata Bafulatana da ke kawo nono daga wajen Hamdara takan zuba mini tsala, wannan ruwa-ruwan da ke saura bayan an cire mai, ni kuma in ba ta dusa don shanunta. In haɗa masa su, ya cinye a tsaye, ƙafa ɗaya a ɗage.

Wata rana na makara, na tarar an riga an tsoma fatun a ruwan toka, wanda ke sa gashi ya zube. Tsoro ya hana ni komawa da ƙwarya wayam, sai na kankaro daga wadda aka tsamo, na ɗauraye na ba shi. Kwana biyu yana amai, bakinsa ya yi ja, ko ruwa da ƙyar yake lasa. Na faɗa wa Baba gaskiya ina kuka. Bai dake ni ba. Ya ce in na rasa, gara ya wuni da yunwa, yunwar yini ɗaya ba ta kashe kare. Inna ce ta dama masa nono mai kyau daga wanda ta ajiye don furar Baba, ta tura masa da sanda don kada ya taɓa ta.

Bayan ya warke na fara zuwa mayanka da kaina. Mahauta sun san Baba, sukan jefo mini maƙogwaro, saifa, guntun huhu, wani lokaci ƙashin wuya. Akwai wani ma'aikacin dabbobi, ɗan garinmu da ya yi lekol, wato makarantar boko, mai duba nama kafin a kai kasuwa. Shi ya tsare ni wata rana, ya yanka huhun da ke ƙwaryata, ya nuna mini wasu ƙulle-ƙulle masu ruwa a ciki. Ya ce in kare ya ci wannan, tsutsa ke shiga cikinsa, daga shi kuma ta koma kan mutanen gida. Ya koya mini in tsaga kowane yanki in duba, mai ƙulli in binne shi. Har yau ba na sa hanta a tukunya ban tsaga ta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata ranar bazara, lokacin da hatsi ya yi ƙasa a rumbu kuma yanka ya ragu. Wani mahauci ya ba ni hanta mai kyau, rabin tafin hannu. Ina shigowa gida Inna ta leƙa ƙwaryar, ta sa hannu ta ɗauke hantar, ta bar sauran. Ta gasa wa ƙanwata da ke tashi daga ciwo. Na ji haushi ranar, na ga kamar an ci amana. Sai da na haifi nawa na gane abin da ke ranta duk safiyar da na wuce ta da ƙwaryar nama zuwa bayan gida, ita kuma tana kaɗa miyar kuka ba ko ƙashi.

A irin waɗannan watanni fara ta taimake mu, da kawunan kifi daga tafki. Da ƙafar ta haɗe, shi ma ya fara nemar wa kansa ɓeraye tsakanin duwatsu. Sau ɗaya a gonar kawuna a Gouna ya kamo zomo, ya ajiye gaban Baba da ransa. Baba ya yanka, muka ci, aka ba shi kai da kayan ciki.

Mai shi bai zo da ayarin shekarar da ta biyo ba. Sai bayan an sauke tutar Faransa an ɗaga tamu ya bayyana, ya rame, ya ce ciwo ne ya kwantar da shi. Karen ya jiyo muryarsa daga zaure, ya tsinke igiya. Mutumin ya durƙusa ya shafa ƙafar, ya buɗe bakin ya duba haƙora, ya tambayi wa ke ba shi abinci. Baba ya nuna ni.

"Ƴata, kin sa masa ƙiba kaɗan," in ji shi. "Amma hanya za ta gyara."

Ya kawo wa Inna cuku da dabino, ni kuma ɗan zoben azurfa. Ranar da ayari zai tashi na raka su har bakin Zango. Karen ya dawo wurina sau biyu, ya koma, na uku bai waiwayo ba, yana ɗan ɗingishi bayan raƙuma.

Ban sake ganinsu ba. Bayan na yi aure, wani ɗan ayari ya gaya wa Baba cewa karen ya ƙara shekaru yana farautar barewa, tsufa ne ya kashe shi a bakin wata rijiya. Baba ya tako har gidan mijina don ya faɗa mini da bakinsa.