Shata Zuwa Miri

Irmiya direban keke napep ne a Ɗan Iya, shekara tara yana kan titi, kuma babu kalmar da ke kaɗa masa zuciya kamar shata, wato fasinja ya ɗauki keken shi kaɗai. Abin ya samo asali ne ranar da ya kai matar wani Alhaji asibiti tana naƙuda, ta sauka lafiya, Alhajin ya aiko masa da rago. Sau ɗaya tak aka yi haka. Masu shatar da suka biyo baya kuwa, daga mai ciniki kamar keken zai saya, sai mai lafta masa buhunan barkono, ya yi ta atishawa har Muda Lawal.

Matarsa Ƙauna takan ce halinsa ɗaya da kazarsu: a zuba mata dawa a kwano, ta tsallake ta tafi tonon juji, don ta taɓa samun gara a can. Shi kuwa ya ce ai kazar ba ta rame ba.

Da ƙyar yayan Ƙauna, Joel, ya samo masa tuƙin motar wata makarantar kuɗi, albashi duk wata, in yara sun yi hutu shi ma ya miƙe ƙafa. Sharaɗin kawai ya je ranar Litinin ƙarfe takwas ya karɓi makulli, don akwai wani mai jiran gurbin. Irmiya ya yi aski, ya sa rigar zuwa coci, bakwai da rabi ya fito.

A bakin titi wani dattijo cikin farar babbar riga, da jaka a hammata, ya ɗaga hannu.

"Direba, shata. Miri."

Irmiya ya dubi agogo, ya dubi jakar. Ya ce bismillah, Baba.

Ashe gona dattijon ya je dubawa. Ya ce minti biyar, ya yi awa biyu. Joel ya kira har sau shida, waya tana ta kuka a aljihu. Da suka dawo ya biya kuɗin shata cif, ya ɗora da rake sanda biyu.

Makulli dai an miƙa wa wancan. Labari ya riga Irmiya isa gida, Ƙauna na tsaye a bakin ƙofa.

"Baban Peculiar, rake za mu riƙa sha ƙarshen wata?"

Ya miƙa mata sanda ɗaya, ya ce ta kwantar da hankalinta, mutumin ya karɓi lambarsa.

Wata bakwai ke nan. Bai taɓa bari cajin wayar ya ƙare ba, ko wanka zai shiga, tana kan katangar banɗaki.