Ƙwallon Dabinon da Ya Riƙe Yaya a Jidda

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da Baffa, ƙanin mahaifinmu. Umara muka ce wa mutane za mu, amma aikin da Inna ta ɗora mana shi ne mu dawo mata da yayata. Labari ya iso gida cewa tun da aka rushe unguwar Karantina, Yaya bola take bi a Jidda.

Zafin Jidda mai ɗanko ne, kana zaune kana jiƙewa. Mai tasi ya faɗi kuɗinsa, Baffa ya juya shi zuwa naira a zuci, ya dinga salati har muka sauka. Inda Karantina take a da kuwa fili ne fetal. Baki buɗe na wuce wurin.

A unguwar Mahjar muka same ta. Ta cika mu da wake da gurasa mai zafi, washegari ni da Baffa muka bi ta wurin aiki. Wallahi ashe maganar gaskiya ce. Bayan gidajen abinci da masallatai take bi da buhu, tana tattara ƙwallon dabinon da aka ci aka yar. Kunya ta hana ni jerawa da ita.

Muka kai buhunan wata ƙaramar masana'anta, a nan mamakina ya ninka. Ana wanke ƙwallon a shanya a niƙa. Wani a matse man shafawa, wani a soya a yi gahawa, dusar kuma a dunƙula gawayin turare. Zarben dabino ma markaɗa shi ake yi, a danne ya koma katako. Gahawar da na sha har na nemi ƙari, ashe tsintuwar Yaya ce. Baffa dai a hankali ya ture kofinsa.

Da na isar da saƙon Inna, Yaya ta ce mai masana'antar ne kafilinta da ya tsaya mata a hukuma, iƙamarta, wato takardar izinin zama, da ta 'ya'yanta duk a kan aikin nan suke.

"In na bi ka, halas, shi ke nan, ba dawowa," in ji ta. "Yaran nan ko Hausar kirki ba su iya ba. Ka ce Inna ta yafe mini."

Mu biyu muka dawo. Na gano cewa abin da wani ya yar yana iya ciyar da gida guda, amma na kasa fahimtar da Inna. Tambaya ɗaya ta yi, ko da gaske bola Yaya take bi. Na fara bayanin mai da gawayi, ta ɗaga mini hannu, ta ce a mayar wa maƙwabta katifar da ta aro saboda jikokinta.