Kwana Ukun da Na Rage wa Yaya Habu

Bana shekara goma sha shida ke nan da wana, Yaya Habu, ya fita daga Damagaram da raƙuma goma sha huɗu da mutum biyar, zai kai fatuna Agadas. Raƙuma biyu suka dawo, da mutum ɗaya. Ba shi ba ne.

Kaya nawa ne, hanya tasa ce. Kwana ashirin yake yi, ba ƙari ba ragi, don shi da rijiyoyi yake auna tafiya. Duk sa'ad da zai tashi, Innarmu takan zuba ƙwallon dabino arba'in da biyar a ƙoƙo: ashirin na zuwa, biyar na hutu, ashirin na dawowa. Kowace safiya ta cire ɗaya. Ranar da ƙoƙon ya ƙare, ta sa a dama fura.

A wancan karon na ji labari mai sayen fatun zai bi ayarin arewa, ba zai jira mu ba. Na matsa wa Yaya ya bar hanyar da ya sani, ya yanke ta wata da ke rage kwana uku, mai rijiya ɗaya tak a tsakiya.

Ya ce, "Ƙanena, wa ya sha ruwanta bana?"

Na ce, "An ce da ruwa."

Ya ce, "An ce." Ya ci gaba da ɗaure kaya.

Ni da hannuna na kwashe ƙwallo uku daga ƙoƙon Inna. Su Yaya suka tarar da rijiyar a ƙafe. Inna ba ta yarda ya mutu ba. In ƙoƙon ya ƙare sai ta sake cika shi, har ranar da ita ma ta tafi.

Watan jiya jirgin saman Faransawa ya sauka a filin bayan bariki. Na tambayi tafintan kumandan kwana nawa yake yi zuwa Agadas. Ya yi dariya ya ce, "Wane kwana, maigida? In ya tashi da hantsi, a can za a yi azahar."

Na san abin da Yaya zai tambaya da yana nan: a ina yake tsayawa ya sha ruwa? Sai a ce masa ba ya tsayawa. Ba na jin zai yi mamaki. Sunayen rijiyoyin da ya haddace, da sanin wadda ke da gishiri da wadda ke ƙafewa da bazara, yau 'ya'yanmu ba mai tambaya. Zangon da yake sauke kaya ma, rabin raƙumansa an kwashe su aikin Nasara.

Ni ɗan kasuwa ne, na iya lissafi. Na ba da wana, da mutum huɗu, da raƙuma goma sha biyu, da hankalin uwa, don in sami kwana uku a hanyar da yanzu ake gamawa kafin azahar. Ƙwallon dabinon nan uku suna cikin jakata har yau. Iyakar ribata ke nan.